Za mu sabunta shafin yarenmu na kwamfuta: kyan gani za mu bi ko sauƙin amfani?

Rabi'atu, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar gina shafi.

Akwai wani ƙaramin yaren rubuta manhaja da ake koyar da matasa da shi a nan Legas, musamman Agege da Idi-Araba. Kalmominsa na Hausa ne, kod ɗinsa kuma a buɗe yake ga kowa. Shafinsa na intanet ya tsufa: farin bango, baƙin rubutu, shuɗayen mahaɗai, ko hoto ɗaya babu. Amma da ka buɗe za ka ga misalin kod, maɓallin saukewa, da jerin darussa. Littafin bayanin ya kai shafi 140.

Yanzu mai zane ya kawo mana sabon zubi. Bango baƙi, bidiyo na motsi a sama mai nauyin 8 MB, babban take guda ɗaya a tsakiya, rubutu ruwan toka siriri, haruffa iri uku. Misalin kod ya koma ƙasa sosai, sai ka gangara sau uku kafin ka gan shi. Darussa da littafin bayani sun shige cikin wani maɓalli mai layi uku a kusurwa. Adireshin shafukan ma duk za su canza, domin za a koma wani sabon tsari.

Mun rabu gida biyu. Wasu na cewa tsohon shafin na sa a raina mu, duk wanda ya gani sai ya ɗauka aikin ya mutu, kuma masu ba da tallafi da ido suke fara hukunci. Wasu na cewa ɗalibanmu da Tecno da itel suke shiga, da datar da suka saya da guminsu, sabon zubin zai kore su. Ni kaina ina ganin gaskiya a kowane ɓangare.

Me ya kamata ya zauna a shafin farko? Da me za mu auna mu san zubin ya wuce gona da iri? Kuma me ke lalacewa idan an yi irin wannan sauyi wanda ba a lura da shi sai bayan an saki? Na gode.

Sani, Yaba

Wa alaikumus salam, Malama Rabi'atu. Kafin maganar launi, ku zauna ku rubuta su waye ke zuwa shafin da abin da ya kawo su. A shafin yaren kwamfuta mutum uku ne kusan kullum: baƙon da ke so ya ga kamannin yaren, wanda ya riga ya yanke shawara yana neman inda zai sauke, da wanda ke tsakiyar aiki ya maƙale yana neman bayanin wani umarni. Na ukun nan shi ya fi kowa dawowa, kuma ba ta shafin farko yake shigowa ba, daga Google yake faɗowa tsakiyar littafin bayani. Mai ba da tallafi na huɗu ne, sau ɗaya ko biyu zai leƙo. A yi masa shafinsa daban mai hotunan aji da bayanin aikin, kada a ba shi ƙofar gida gaba ɗaya.

Abin da nake ganin kuskure ne babba a sabon zubin shi ne tura kod ƙasa. Mai rubuta manhaja da kod yake gane yare, ba da take ba. Layi goma sun ishe shi ya san ko abin zai shiga ransa. An taɓa yin wannan muhawara a fili: a ƙarshen 2018 masu yaren Rust suka saki sabon shafi, suka cire misalin kod ɗin da ke shafin farko wanda ake iya gudanarwa nan take, suka sa launuka masu ƙarfi da bayanin amfanin yaren. Masu amfani da yaren da yawa sun yi ƙorafi, kuma rashin kod ɗin na cikin abin da aka fi ambata. Yaren bai mutu ba saboda haka, amma shi yana da suna da ɗimbin jama'ar da ke yi masa talla. Naku ba shi da wannan gatan, shafin ne kaɗai bakinsa. Python kuwa da suka sabunta nasu a 2014, sai suka sa misalan kod a can sama, da wurin saukewa da littafin bayani a jere a fili.

Ga abin da zan sa a allon farko, wato abin da ake gani kafin a gangara. Jimla ɗaya da ke faɗin mene ne yaren da wanda aka yi dominsa. Misalin kod tare da sakamakonsa a gefe ko a ƙasa. Maɓalli biyu, na saukewa da na fara koyo. Lambar sigar da ake ciki da ranar fitowarta. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin maganin "aikin ya mutu". Mutum in ya ga an fitar da siga watan jiya, ya san akwai masu rai a bayan abin, ko da shafin fari ne fat.

Misalin kod ɗin ma yana da ƙa'ida. Kada ya zama gaisuwar nan ta layi ɗaya da kowane yare ke yi, ba ta nuna komai. Ku ɗauki ƙaramin aiki na gaske, kamar lissafin cinikin yini daga jerin kuɗi, wanda zai nuna yadda ake ajiye ƙima, yadda ake maimaitawa, da yadda ake sharaɗi. Layi 8 zuwa 14. Tsawon kowane layi kada ya wuce harafi 38, ga dalili: faɗin yawancin wayoyin Android a burauza fiksel 360 ne, in ka cire gefe da gefe 32 saura 328, harafin kod mai girman 14 kuma yana cin kusan 8.4, ka ga harafi 39 ke nan. Abin da ya wuce haka sai an ja gefe. A kwamfuta kuma ku gwada da allon 1366 da 768, irin na kwamfutocin tokumbo da suka cika gari. Bayan burauza ta ci nata, tsayin da ya rage bai fi 650 ba. In kod ɗin bai fito a nan ba, ba a allon farko yake ba, ko da ya fito a babban allon mai zane.

Kuma misalin ya zama ana gwada shi da kansa duk lokacin da za a fitar da sabuwar siga. Ba abin da ke zubar da mutuncin yare kamar baƙo ya kwafi misalin shafin farko ya ƙi aiki.

Maɓalli mai layi uku a waya ba laifi. A kwamfuta kuwa ba shi da hujja, fili na nan. Saukewa, Koyo, Littafin bayani, Jama'a, da akwatin bincike, a bar su a waje.

Maryam, Surulere

Malam Sani, na yarda da kai a kan kod, amma ina so in kare mai zanen kaɗan, domin masu cewa ido na hukunci ba ƙarya suka yi ba. Tun 1995 wasu masu bincike biyu na kamfanin Hitachi a Japan, Kurosu da Kashimura, suka gwada zubi 26 na allon na'urar cire kuɗi, suka tarar mutane na ɗaukar wanda ya fi kyau a matsayin wanda ya fi sauƙi. Wannan na da fuska biyu. Kyau na sa a ba ka dama, a yi maka haƙuri. Amma kuma yana ɓoye matsala, domin in ka tambayi mutum ra'ayinsa zai yaba, alhali ya kasa samun abin da ya zo nema.

Abin da nake so a gane shi ne, yawancin abin da ke sa shafi ya yi kyau ba ya da nauyi ko kaɗan: tazara tsakanin sassa, daidaiton gefe, girman take da na rubutu, launi ɗaya da aka riƙe ko'ina. Tsohon shafinku zai iya canza kama gaba ɗaya da CSS, wato fayil ɗin da ke tsara kamannin shafi, wanda bai kai 20 KB ba. Rubutu fiksel 16 zuwa 18, tazarar layi 1.5 ko 1.6, faɗin sakin layi kada ya wuce harafi 70 domin ido ya gane inda zai dawo. Zubin haruffa biyu sun isa, ɗaya na karatu, ɗaya na kod.

Ruwan toka a kan baƙi kuwa ba sai an yi gardama ba, aunawa ake yi. Ƙa'idar WCAG, wadda aka yi don kowa ya iya amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Launin #666666 a kan #111111 kusan 3.3 yake bayarwa, ya faɗi. In aka ɗaga shi zuwa #888888 ya haura 5, ya wuce. A farin bango, #767676 ne iyakar tokar da ke tsallakewa, #999999 ko 3 bai kai ba. A Chrome, danna dama a kan rubutun, buɗe kayan binciken shafi, taɓa launin, zai nuna maka lambar. Inda aka fi faɗuwa shi ne launin sharhin cikin kod, domin jigogi da yawa dusashe shi suke yi, alhali a yaren koyarwa sharhin nan shi ne darasin. Ku tuna mai zane a ɗaki mai sanyi yake kallo da allo mai tsada. Ɗalibi kuwa yana cikin danfo a Oshodi da rana tsaka, ya rage hasken waya don batir. Shi ya sa ban son a tilasta baƙin bango. A bar shafin ya bi zaɓin wayar ta hanyar `prefers-color-scheme`, a sa maɓallin canzawa, a auna launukan duka biyun.

Sai abin da ya shafe mu mu kaɗai, haruffa masu ƙugiya. Yawancin zubin haruffan da masu zane ke so ba su da ƙ, ɗ, ɓ. Abin da ke faruwa shi ne burauza ta aro harafin daga wani zubin, sai ka ga kalma kamar "ƙirƙira" haruffa biyu sun fi sauran kauri ko sun karkace, wani lokaci ma akwati ne ke fitowa. Kafin ku amince da kowane zubi, ku rubuta wannan da shi: ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ ₦, a siriri, a mai kauri, da a karkace. Manyan ma dole ne, domin in CSS na mayar da take manyan baƙaƙe, ƙ zai koma Ƙ. Noto Sans da Andika da Charis suna da su. Tunda a Legas muke, ku ƙara ẹ ọ ṣ, wata rana za a so fassarar Yarabanci. Kuma in za a rage nauyin fayil ɗin haruffa ta hanyar yanke waɗanda ba a buƙata, a kula: ƙ na rukuni ɗaya a Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa, ɓ da ɗ na wani rukunin daban, mai yankewa in ya zaɓi haruffan Turai kawai duk zai zubar da su.

Na kod ɗin ya fi tsanani, tunda kalmomin yarenku Hausa ne. Dole kowane harafi ya ci faɗi ɗaya, in aka aro ɗ daga wani wuri layuka za su goce. Dole a bambance 1 da l da I, da kuma 0 da O. Sannan ku kashe haɗe-haɗen alamomi irin na Fira Code da JetBrains Mono, inda `!=` ke komawa alama guda mai kyan gani. Gwani ya san abin da ke ƙasa, ɗan koyo kuwa zai yi ta neman alamar a kibod ɗinsa bai samu ba. `font-variant-ligatures: none` a kan akwatin kod ya wadatar.

Kabiru, Ikeja

Hajiya Maryam ta gama da ido, bari in taɓa nauyi.

Lighthouse, wanda ke cikin Chrome kyauta, yana gwada shafi kamar a waya mai matsakaicin ƙarfi da layin 1.6 Mbps. Wannan kusan 200 KB ne a daƙiƙa. Bidiyon 8 MB zai ci daƙiƙa 40 a irin wannan layin. Ma'aunin Google kuwa cewa ya yi babban abin da ke allon farko ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, wato ko da komai ya tafi daidai ba ka da fiye da 500 KB, kuma kafin a fara saukewa ma an ɓata wani lokacin wajen haɗa layi. Don haka ku sa wa kanku iyaka a rubuce: shafin farko kada ya wuce 250 KB gaba ɗaya, shafin bayani 150 KB, JavaScript, wato kod ɗin da burauza ke gudanarwa, kada ya wuce 50 KB. A sa gwajin cikin tsarin fitar da shafi, wanda ya ƙetare iyaka aikinsa ya tsaya. In ba a rubuta ba, kowa zai ƙara nasa kaɗan kaɗan.

Ta fuskar kuɗi ma a duba. A 8 MB, buɗewa 125 sun cinye 1 GB, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 kowa ya san yadda data ta koma. In ana son motsi, a sa hoto tsayayye na WebP, bidiyon sai wanda ya danna, da `preload="none"`. A rubuta faɗi da tsayin kowane hoto a HTML, wato ainihin kod ɗin shafin, in ba haka ba rubutu zai yi ta tsalle yayin da hotuna ke sauka, mutum ya je danna abu ya danna wani.

JavaScript ya fi hoto illa a ƙaramar waya, domin bayan an sauke sai wayar ta karanta ta gudanar, mai RAM 2 GB kuwa nan take take shaƙewa. Littafin bayani rubutu ne, a fitar da shi HTML tsantsa da injin gina shafi irin Hugo, MkDocs, Sphinx ko mdBook. Launin kod a yi shi lokacin gina shafin, ba a wayar mai karatu ba. Gwaji mai sauƙi: kashe JavaScript a burauza ka buɗe. In ka ga farin allo ko wani abu na juyawa, an gina shi ba daidai ba. Sannan ka buɗe da Opera Mini a yanayin tsimin data mai tsanani, inda sabarsu, wato babbar kwamfutarsu, ita ce ke sarrafa shafin kafin ya iso. A can zubin haruffan da ka ɗora ba ya sauka, gumakan da aka yi da haruffa sai su ɓace, maɓallin layi ukun ma yana iya zama fanko. Gumaka a yi su da hoton SVG, a rubuta suna a gefe.

In za ku sa wurin gwada kod a shafin, kada ku ɗauko akwatin rubuta kod na Monaco. Yana da nauyi, masu shi ma sun ce ba a yi shi don burauzar waya ba. CodeMirror 6 ya fi dacewa, kuma kada ya sauka sai an danna "Gwada". Kafin nan misalin ya zauna a matsayin rubutu.

Shafin saukewa: yana da kyau ya gane na'urar mutum ya ba shi nata, amma a jera sauran a ƙasa a fili. A nan mutane da yawa da waya suke saukewa, su tura wa kwamfuta ta kebul ko Xender. In shafin ya ga Android ya ɓoye fayil ɗin Windows, kun rufe musu hanya. A rubuta girman kowane fayil da lambar SHA-256 mai tabbatar da cewa ya sauka daidai, a tabbatar sabar na barin a ci gaba daga inda saukewa ta katse. Littafin bayanin ma a ba da shi a zip. Python na ba da nasu a sauke, masu Rust kuma `rustup doc` ke buɗe musu nasu ba tare da intanet ba. Wanda ya ga yadda layi ya rikice a Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ya san amfanin wannan.

Rabi'atu, Agege

Allah ya saka da alheri, na kwashe duka. Yaya Kabiru, maganar zip ɗin za mu fara da ita tun kafin sabon shafi. Saura batun adireshi. Mai haɗa mana shafin ya ce ba matsala, Google zai gano sababbin da kansa cikin 'yan makonni. Haka ne?

Malam Yusuf, Idi-Araba

Ƙanwata, Google zai gano, amma ba Google kaɗai ke riƙe da adireshinku ba. Suna cikin saƙonnin WhatsApp na ɗalibai, cikin takardun darasin da aka buga aka raba, ƙarƙashin bidiyoyin YouTube, cikin sharhin kod ɗin mutane. Mafi muni, in yarenku na buga mahaɗi a saƙon kuskure, tsofaffin sigogin da ke kwamfutocin mutane za su ci gaba da nuna tsohon adireshi har abada, ba ku da ikon gyara su. A duk aikin nan wannan ne ɓarnar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Launi in bai yi ba gobe a canza, mahaɗin da ya mutu a takardar da ke hannun yaro a Mile 12 kuwa ya mutu.

Hanya mafi sauƙi ita ce kada a canza adireshin sam. Sabon tsari ba ya tilasta sabon adireshi, kusan kowane injin gina shafi na bari ka faɗa masa yadda kake so su kasance. In dole ne, ga yadda ake yi. A tattaro duk tsofaffin adireshi daga wuri uku: a bi shafin da `wget --spider -r`, a ɗauko rajistar sabar ta wata shida ko shekara, a ɗauko na Google Search Console. Na rajistar ya fi muhimmanci, domin a nan za ku ga shafukan da ku kun manta da su amma mutane na shiga. A zuba su a tebur mai layi biyu, tsoho da sabo. Kowane tsoho a tura shi da 301, wato amsar saba mai cewa shafi ya koma dindindin, zuwa shafin da ya gaje shi kai tsaye. Kada a kwashe duka a tura shafin farko, wannan daidai yake da ɓacewa, mutum ya zo neman bayanin umarni ɗaya an ajiye shi bakin ƙofa. A wuraren ajiye shafi na Netlify da Cloudflare Pages fayil ɗin `_redirects` ke yin wannan. GitHub Pages ba ya ba ka 301 naka, sai dai a bar ƙaramin shafin HTML a tsohon wurin mai tura mutum gaba.

Akwai tarkon da ke kama har gwanaye. Abin da ke bayan alamar # a adireshi burauza ba ta aika shi ga saba, don haka ba za ka iya rubuta masa dokar turawa a can ba. In tsohon mahaɗi ya ƙare da `#maimaita`, dole sabon shafin ya kasance da wuri mai wannan sunan. Sabon injin kan ƙirƙiri nasa sunayen daga take, sai mahaɗin ya buɗe shafi daidai amma ya tsaya a sama, a shafi mai tsawo kuwa mutum ba zai san inda aka nufa ba. A sa tsofaffin sunayen da hannu. Bayan an gama a bi tebur ɗin duka da abin duba mahaɗai irin lychee, kafin a saki, ba bayan an saki ba.

Adireshi kuma a rubuta shi ba ƙugiya. Harafin ƙ in aka kwafe shi a mahaɗi `%C6%99` yake komawa, ba mai iya karanta wannan ga wani a waya. Gajere ya fi. Dubi yaren PHP, in ka rubuta php.net/strlen kai tsaye bayanin umarnin zai buɗe. Ku yi wa naku irin wannan.

Akwatin bincike ma sai an yi masa gyaran Hausa. Yawancin mutane "kirga" za su rubuta, ba "ƙirga" ba. Dabarar da ake cire wa haruffan Faransanci alamominsu ba ta aiki a nan, domin a Unicode ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k da ƙari ba. Sai kun rubuta da kanku cewa ƙ daidai take da k, ɗ da d, ɓ da b, ƴ da 'y da y, a wajen adanawa da wajen nema duka. Injin bincike na Pagefind na aiki ba tare da saba ba kuma ba ya da nauyi, amma ku gwada wannan a kansa kafin ku dogara.

Abu na ƙarshe, kwafa da liƙawa. Wasu injinan na "gyara" alamomi don kyau: madaidaiciyar alamar zance ta koma lanƙwasasshiya, `--` ya koma dogon layi ɗaya. A cikin kod wannan kuskure ne nan take, kuma ɗan koyo ba zai ga bambancin da ido ba. A kashe shi a akwatin kod. Alamar `$` da ke gaban umarni kuma kada ta shiga abin da maɓallin kwafa ke ɗauka.

Maryam, Surulere

Malam Yusuf ya faɗi abin da ya fi komai gaggawa. Ƙari ɗaya, Malama Rabi'atu, game da rabuwar kanku: kada ku yanke da ƙuri'a, kada kuma ku tura hoton zubin a guruf ku ce "ya yi kyau?", kowa zai ce ya yi. Ku samo mutum biyar da ba su saba da shafin ba. Jakob Nielsen ya daɗe da nuna cewa biyar na tono yawancin manyan matsaloli. Uku da wayarsu da datarsu, biyu da kwamfuta. Ku ba kowa aiki huɗu: ya faɗi abin da yaren ke yi bayan kallon daƙiƙa goma, ya sauke wanda ya dace da Windows, ya nemo yadda ake maimaita umarni, ya gano ma'anar wani saƙon kuskure da za ku ba shi a takarda. Ku yi shiru, kada ku nuna hanya, ku rubuta lokaci da inda ya tsaya. A yi da tsohon shafi, a yi da sabo, mai zanen na zaune yana kallo. Ganin mutum na laluben maɓalli ya fi duk wata hujja da za ku kawo masa.

Ku ƙara gwaji biyu da kanku: bin shafin da maɓallin Tab kaɗai, a ga ko ana gane inda ake, domin masu zane kan cire zoben da ke nunawa da `outline: none`. Sai kunna TalkBack, mai karanta wa makafi allo, a Android a saurari yadda yake karanta shafin farko.

Inda na ɗan saba da Malam Sani shi ne, ba na so a jefar da aikin mai zanen. Tambarin, launin, da tsarin tazara a riƙe su. Kuma kada a saki komai rana ɗaya. A fara sa sabon CSS a kan tsofaffin shafukan bayani ba tare da taɓa adireshi ba, a bar shi mako biyu a ji ƙorafi. Sannan shafin saukewa. Shafin farko ya zo ƙarshe, tsohon kuma a ajiye shi a wani adireshi na wata uku saboda malaman da ke tsakiyar zango da takardun da suka riga suka raba.

Sani, Yaba

Ban ƙi wannan ba, Hajiya. Sai dai a sa sharaɗi ɗaya a rubuce kafin gwajin: in sabon zubi ya fi tsohon jinkiri a aiki na biyu ko na uku, ba za a sake shi ba sai an gyara. Malama Rabi'atu, in kun haɗa tebur ɗin adireshin ku liƙo shi nan, za mu taya ku duba waɗanda ke da #.